Saniya Ma Tana Ƙyanƙyami: Darasi Kan Ruwan Da Muke Ba Dabbobinmu

 

Darasin da ajinmu ya ɗauka a bana shi ne ruwan shan saniyar tatsa. Mun san wani zai yi dariya ya ce, mutanen Kwatano ina ku ina saniya, ku da ko wurin ɗaure akuya sai an yi rigima da mai gida? Gaskiya ne ba mu da turke a tsakar gida. Amma a cikin iyayenmu akwai masu shanu da suka ba Fulani amana a wajen Abomey-Calavi da Sèmè-Podji, wasu ma can arewa wajen Parakou da Kandi. Akwai mahauta, akwai iyayenmu mata masu sayar da fura da nono da wagashi. Wanda ba ya cikin waɗannan kuwa, in azumi ya zo sai ya nemi kindirmo. Saboda haka ruwan da saniya ta sha a bayan gari, a ƙwaryarmu yake ƙarewa.

Nono ruwa ne

In aka auna madarar saniya, kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Ragowar ne mai da sukari da sauran abin da ke gina jiki. To ruwan nan daga ina zai fito in ba daga abin da ta sha ba? Manyan shanun tatsa na ƙasashen Turawa, masu ba da lita 30 ta madara a yini, sukan sha lita 100 ko fiye in ana zafi. Wato jarkar nan mai ruwan ɗorawa ta lita 25 da muke ɗebo ruwa da ita, guda huɗu cif, saniya ɗaya, yini ɗaya. Namu na gida, irin Borgou da farfarun shanun Fulani, ba su kai nan ba, don abin da ake tatsa a jikinsu bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba. Duk da haka a lokacin rani babbar saniya mai shayarwa tana neman lita 30 zuwa 40. Su kuwa shanun Girolando da gwamnati ta taɓa sayowa daga Barazil ta kai gonar kiwo ta Kpinnou, da 'ya'yansu da wasu masu hali suke nema, buƙatarsu ta fi haka nesa. Wanda ya sayi irinsu bai tanadi ruwa ba, kuɗinsa ya zubar.

Ba nono kaɗai ke cin ruwan ba. Tumbin saniya kamar randa yake, cike da ƙwayoyin halitta masu narka ciyawa, kuma sai cikin ruwa suke aiki. Ga yawun da take yi tana tuƙa, ga gumi da huci da take sanyaya jiki da su. Shi ya sa saniyar da ba ta ƙoshi da ruwa ba take rage cin abinci, in ta rage ci kuwa hantsa ce ke fara nunawa. Mai shanu yana nan cikin gari sai ya ji an ce nono ya ja baya, ya aika da kuɗin dusa da ƙulin auduga, ya aika da kuɗin allura, wani har ya fara zargin makiyayi. Da wuya ka ji ya tambaya, wai a ina suke shan ruwa?

Abin da hancinta ke ji

Mu a babin tsarki an koya mana mu duba ruwa ta fuska uku: launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Tun daga Ishmawi muke haddace wannan. To saniya ma da baki da hanci take alƙalanci, sai dai hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba.

A ƙasar Kanada, a shekarar 2002, wasu masu bincike sun ajiye wa shanu ruwa iri-iri, wani tsabtatacce, wani an ɗan zuba masa kashin shanu. Suka ga in dai akwai zaɓi, shanun suna guje wa ruwan da kashin da ke cikinsa bai wuce kashi 0.005 cikin 100 ba. Mun zauna mun lissafa wannan a aji don mu gane girmansa. Miligiram 50 ke nan a lita guda. A cikin tano mai cin lita 200, giram 10 ne kacal, kusan nauyin sukari ƙwaya biyu. Kai da ni in muka leƙa tanon nan ba za mu ga komai ba, ita kuwa ta sunsuna ta kau da kai.

Mu ƙara lissafin gaba kaɗan. Kilo ɗaya na kashin shanu, a kan wannan ma'auni, ya isa ya sa wa lita 20,000 warin da saniya za ta gane, wato tano 100. Saniya kuwa tana kashi sau goma ko fiye a yini, kuma ba ta zaɓen wuri. In garke ya shiga tafki har gwiwa yana sha, na gaba suna sha, na baya suna ɓatawa. Gobe kuma nan za a dawo.

A wannan binciken na Kanada an kuma bi nauyin dabbobin. Karsanun da aka ba ruwa mai tsabta a komi sun fi waɗanda ke shiga kududdufi ƙara nauyi da kashi 23 cikin 100, alhali ciyawa ɗaya suke ci. A Niyuzilan kuma, a 2019, an hana shanun zaɓi, aka ba kowace ruwa iri ɗaya tak. Waɗanda aka sa wa wancan ɗan mitsitsin kashi sun rage sha da kashi 10 cikin 100. Waɗanda aka sa wa giram ɗaya a kowace lita sun rage da kashi 28.

A nan ne muka yi gardama sosai a aji. Wasunmu suka ce, ai waɗancan shanun Turawa ne 'yan gata, namu kuwa kowa ya ga suna kafa kai a ruwan kwata suna sha lafiya lau. Haka ne, muna gani. Amma shan da ƙishirwa ta tilasta daban, shan ƙoshi daban. Dabbar da ta yini a rana tun hantsi za ta sha abin da ta tarar, ta sha daidai abin da zai kashe mata wutar maƙogwaro, ta bar sauran. Ragin nan ba a gani da ido, don ba wanda ke auna abin da saniya ta sha a tafki. A ƙwaryar tatsa ake ganinsa, da haƙarƙarin maraƙi. Kuma makiyayan da suka san aikinsu ba su jira Kanada ta gaya musu ba. Tun kaka da kakanni suna kai garke wajen da ruwa ke gudu, suna sammako kafin wasu garkunan su dama shi, suna haƙa rami a yashin rafi don ruwan ya tato.

Akwai wata mas'ala da ta ba mu sha'awa. A mazhabarmu ta Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Sai wani ya ɗauka tunda mai tsarki ne, ai ba komai in ya faɗa ruwa. Amma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya kawo misalin tafkin da kashin dabbobi ya canza shi, ya nuna ba a alwala da shi. Wato abu yana iya zama mai tsarki a kansa, ya kuma ɓata ruwa. Ta ɗaya gefen kuma, ruwan da gansakuka ta canza masa launi ana alwala da shi, don daga cikinsa ta tsiro. Amma wannan hukuncin alwala ne. Akwai wata irin gansakuka mai kore-shuɗi da ke taruwa saman ruwan da ba ya gudu lokacin zafi, kamar an zuba fenti, tana da dafin da ke kashe dabba cikin sa'o'i. Kada wani ya ce tunda alwala ta halatta da koren ruwa, to a shayar da garke da shi.

Ruwan garinmu

Kwatano a kan yashi take, tsakanin teku da tafkin Nokoué. Ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, shi ya sa rijiyoyin gidajenmu ba su da zurfi, shi ya sa kuma abin da ke cikin shadda da kwata ba ya wahalar isa gare su. In damina ta kankama, daga Afrilu zuwa Yuli, kowa ya san yadda unguwanni ke zama. Manyanmu ba su manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta ci yawancin ƙasar, kwalara ta biyo bayanta. Mutum in yana da hali sai ya sayi ruwan famfon SONEB ko na leda ya sha, ya bar na rijiya don wanki. Dabba fa? Yawanci ita ce ake ɗebo wa wanda mutane suka ƙi.

Sai maganar zartsi. Tun 1885 da Faransawa suka haƙa mashigin da ya haɗa tafkin da teku, ruwan gishiri ke shiga Nokoué. Da rani zartsinsa yana ƙaruwa, in kogin Ouémé ya kawo ruwa wajen Satumba da Oktoba sai ya ragu. Rijiyoyi da fadamun bakin teku, inda ake kiwo a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, su ma wasu suna da wannan ɗanɗano. Saniya tana son gishiri, shi ya sa ake ba ta kanwa da gishirin lasa, amma lasa daban, sha daban. Masana sun ce ruwan da gishirinsa bai kai giram ɗaya a lita ba, ba laifi. In ya haura giram 3, dabbar da ba ta saba ba takan yi zawo ta rage sha. Daga giram 7 zuwa sama bai dace da mai ciki ko mai shayarwa ba sam. Ruwan teku kuwa giram 35 ne. Dabba takan saba da ɗan zartsi a hankali, amma saniyar da aka sauko da ita jiya daga Malanville cikin babbar mota, ta yi kwana biyu a hanya, ba ranar ce za a gwada ta da shi ba.

Fadama kuma tana da nata sharrin. A ruwa mai kwanciya akwai wani ƙaramin dodon koɗi da tsutsar hanta ke girma a jikinsa. In ta fito sai ta manne a ciyawar bakin ruwa, saniya ta haɗa da ita ta cinye, tsutsar ta tafi hanta ta zauna. Dabbar ba ta mutuwa nan take. Sai rama, sai ƙarancin jini, sai nono ya ƙafe a hankali. 'Ya'yan mahauta da ke cikinmu sun san hantar da ake yankawa a tarar da jijiyoyinta sun yi fari sun yi tauri, likitan dabbobi ya ce a zubar. Asarar mahauci ke nan, amma daga mashaya ta faro. Fitsarin ɓera ma in ya shiga ruwa yana ɗauke da cutar da ke sa saniya ɓari, tana kuma kama mutum.

Wani haɗarin namu ne na 'yan birni, wato mazubi. Jarkar da aka yi safarar kpayo da ita ba ta komawa ta ruwan sha, ko an wanke ta da omo sau nawa, warin fetur yana nan cikin robar. Haka tanon da aka zuba maganin ƙwari ko bakin mai. A arewa inda ake noman auduga, galan ɗin maganin feshi ya fi kowane haɗari. Tsohon batirin mota da aka yar kusa da mashaya kuwa, maraƙi yana lasarsa, darmar da ke ciki ta kashe shi.

Abin ya ƙara zama dole yanzu saboda kiwo yana canzawa. A ƙarshen 2019 gwamnati ta hana garkunan ƙasashen maƙwabta shigowa yawon kiwo, a 2021 kuma ta kafa hukumar zaunar da makiyaya wuri ɗaya. Ko mutum yana goyon bayan wannan ko ba ya yi, abu ɗaya a fili yake: garken da ke tafiya yana barin ƙazantarsa a baya, wanda aka zaunar kuwa da ita yake kwana. Mashaya ɗaya, safe da yamma, shekara zagaye. In ba a gina komi an raba ƙafar dabba da ruwan ba, wata guda ya isa wurin ya zama taɓo.

Yadda ta fi so

Saniya ba ta lasar ruwa irin na kare. Tana tsoma baki ne 'yan santimita, hanci a waje, ta zuƙa, kuma a minti ɗaya tana iya shanye lita 15 ko fiye. Saboda haka ɗan bokitin da bakinta ke cika shi, ko famfon da ke ɗiga, wahala ne gare ta. A Barazil a 2004 an gwada ba shanun tatsa komi babba da ƙarami, suka zaɓi babban, mai faɗi da ɗan tsayi, kuma sun fi shan ruwa a cikinsa. Tsayin santimita 60 zuwa 80 daga ƙasa ya isa ga manya: kofato ba ya shiga, kashi ba ya faɗawa da sauƙi. Maraƙa a yi musu nasu gajere.

Lokacin da ta fi neman ruwa shi ne bayan an gama tatsa da bayan ta ci abinci. Wanda ya tatsa da asuba ya kora garke daji, ba za su ga ruwa ba sai azahar, ya hana ta a daidai lokacin da jikinta ke nema. Ba ta kuma neman ruwan sanyi ƙarara irin wanda mu muke so. Mai ɗan ɗumi bai dame ta ba, sai dai wanda ya yini a rana cikin baƙar roba har ya yi zafi. A sa komi a inuwa, amma ba daidai inda tsuntsaye ke kwana ba.

Garke kuma yana da manya. Akwai saniyar da in ta tsaya bakin komi ba mai matsowa sai ta gama, wata ma ta gama ta ƙi tafiya. Namu kuma masu ƙaho ne. Wadda ake tunkuɗewa kullum ita ce ƙaramar karsana mai haihuwar fari, ko mara lafiya, wato waɗanda suka fi kowa buƙata. Sai makiyayi ya ga komi da saura ya ce kowa ya sha. Maganin wannan a raba mashaya biyu, nesa da juna, yadda mai ƙarfi ba za ta tsare duka ba.

Ana kuma cewa maraƙi ba ya buƙatar ruwa tunda yana tsotso. Wannan kuskure ne. In maraƙi yana tsotso, nonon yana bin wata hanya ya wuce tumbi kai tsaye zuwa cikin ciki na ƙarshe. Ruwan da ya sha da kansa ne ke sauka a tumbi, shi ne ƙwayoyin narka ciyawa ke fara rayuwa a ciki. Maraƙin da aka ajiye wa ruwa tun yana 'yan kwanaki ya fi saurin fara cin ciyawa, kuma in zawo ya kama shi ya fi jurewa.

Haƙƙi ne a kanmu

A Ingila a 1979 aka tsara abubuwa biyar da suka ce dabbar kiwo tana da haƙƙinsu, na farkonsu kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa. Mu kuma a littattafan da muke karantawa a gaban malam maganar ta daɗe. Malamanmu sun ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya ƙi a tilasta masa ya sayar. Sun ce ba a tatsar abin da zai cutar da ɗanta. Sun ce matafiyin da ke da ruwa kaɗan, in ya ji tsoron dabbar da ke tare da shi za ta halaka da ƙishirwa, ya ba ta ruwan shi ya yi taimama. A duba fa, alwalar salla ce aka ce a bari. Kowa kuma ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da takalminsa aka gafarta masa, da na matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. To wanda ya ba da amanar shanu goma ya koma gari, shekara ba ya zuwa sai in zai sayar da ɗaya, haƙƙin bai sauka daga wuyansa ba don ya ɗauki makiyayi. Makiyayin ba shi zai sayi siminti ya gina komi a kan shanun wani ba.

Kuma in don riba ce, nan ma lissafin a fili yake. Wajen lita 5 ta madara ake dafawa da ruwan tumfafiya kafin a sami kilo ɗaya na wagashi. Duk litar da ta ragu a ruga, mai yin wagashi ta ji a jikinta, mai sarowa ta kawo kasuwa ta ji, mu masu saye mu tarar ya ƙanƙance kuɗinsa bai ragu ba. Daga nan ne shaiɗan ke raɗa wa wasu su ƙara ruwa a nono. Mun karanta labarin yarinyar nan ta zamanin Sayyidina Umar (RA) da ta ƙi yi wa madara algus ko da halifa ba ya gani, wadda daga zuriyarta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Ruwa yana da hanyar shiga nono ta halal, ta bakin saniya. Wanda aka zuba daga baya kuwa, bayan haramcin, in na rijiyar unguwa ne har da cuta aka sayar wa mutane. Haka ruwan da ake wanke hantsa da hannu da ƙwarya da shi, in ba mai kyau ba ne, duk wahalar da aka sha a mashaya ta tashi a banza. Madara kuma a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita, saboda tarin fuka da bakkale suna bi ta ɗanyen nono.

Wankin komi ba wani aiki ba ne mai wuya. A zubar da ragowar ruwan, kada a yi ta ƙari a kan tsoho, don dusar da ke faɗowa daga bakin dabba tana kwantawa a ƙasa ta ruɓe, kuma ƙwayoyin cuta suna iya yin watanni a cikin wannan laka. A shafa hannu a jikin komin daga ciki. In an ji santsi, lokacin wanki ya yi ko da ruwan yana da haske. A goge da burushi ko soso aƙalla sau ɗaya a mako, da zafi kuwa kowane kwana biyu ko uku. In an sa jabel a ɗauraye sosai, don warinsa ma yana korar su. A zuba tsakuwa ko a yi daɓe kewaye da wurin saboda taɓo.

'Yan uwa ɗalibai da ba su da hanyar zuwa ruga, ga ragon layya nan tafe, kuma yawanci mu ake bar wa ba shi ruwa. A samo roba biyu iri ɗaya. Ɗaya a wanke ta a zuba sabon ruwa, ɗaya a bar ta da na jiya da ɗan abin da ya faɗa ciki. A sa su a inuwa ɗaya, a yi wa kowace alama a daidai bakin ruwan, da yamma a duba wadda ta fi sauka. Washegari a sauya musu wuri, ta dama ta koma hagu, don kada a ce gefen ya saba da shi. A yi haka kwana huɗu ana rubutawa, a kawo mana takardar aji bayan hutun salla.